Gudu zuwa gaɓa ko tsayawa a zurfi: yadda ƙaramin jirgi ke tsira idan iska ta taso

Duk ranar da aka ce wani jirgi bai dawo ba, gardama iri ɗaya ce ke tashi a bakin Sigala, kasuwar kifin Bur Sudan, kuma kafin la'asar ta shiga wayoyin 'yan'uwa a Kassala da Damazin da Jidda. Wani ya ce rayis ɗin, wato shugaban jirgin, shi ne ya yi taurin kai, da ya ga sama ta canza ai sai ya juyo gida. Wani ya ce juyowar ce ma ta halaka su, da sun tsaya a zurfi da yanzu muna shan shayi tare. Na uku ya ce kwana ne ya ƙare, a bar zancen. Wanda bai taɓa kwana a kan ruwa ba sai ya rasa na kamawa, domin duka masu maganar sun san ruwa, kowannensu kuma yana da labarin da zai kafa hujja da shi.

Tambayar ta daina zama ta masunta kaɗai. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, mutanen da ba su gaji ruwa ba sun shiga jirgi da yawa: wasu don tsallake Nilu inda gada ta karye ko hanya ta toshe, wasu sun sauka Bur Sudan babu sana'a suka bi masu su, wasu kuma idonsu yana kan Jidda, wadda ke tsallake, kimanin kilomita 300.

Tushen saɓanin yana cikin tarihinmu. Hausawan Sudan hanyar hajji ce ta kawo mafi yawansu, kuma a bakin kogi suka fi kafa gari. Mai Wurno da ke kusa da Sinnar sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ta ci, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda aka kashe a Burmi a 1903. A Shuɗin Nilu da Farin Nilu da tafkunan madatsun ruwa Bahaushe ya yi suna a kamun kifi. Ilimin da ya gada na kogi ne, kuma a kogi, in hadari ya haɗo, gaɓa ake nufa. Bahar Maliya tana da nata hukuncin daban.

Wace iskar ake nufi?

Kalmar guguwa kuɗin goro muke yi mata, alhali abin da take nufi a nan ya kasu.

Babbar guguwar teku mai juyawa, irin wadda ake nunawa a talabijin, ba ta cika zuwa Bahar Maliya ba. Tekun Larabawa take faɗa wa, kamar Gonu da ta daki Oman a 2007 da Chapala da ta shiga Yaman a 2015. Abin da ke cin ƙananan jirage a gaɓar Sudan bai kai ta girma ba, sai dai ya fi ta yawan zuwa.

Akwai iskar arewa, shamal, wadda ke bin tsawon tekun kusan duk shekara a ɓangarensa na arewa. Akwai azyab, ta kudu, wadda ke tasowa daga wajen Babul Mandab, ƙofar tekun ta kudu, tun daga kaka har bazara. A lokacin sanyi waɗannan biyun kan yi karo a daidai yankin Bur Sudan da Tokar, shi ya sa daminar bakin teku take faɗowa wajen Nuwamba, lokacin da manoman Gadarif suke girbi. Irin wannan iskar takan yi kwanaki tana kaɗawa, tana gina ruwa a hankali, kuma ana iya hango zuwanta.

Sai iskar da ke fitowa ta gibin duwatsun Tokar a watannin Yuli da Agusta, ɗauke da ƙura. Daga tudu take tura ruwa zuwa tsakiyar teku, kuma ta fi ƙarfi daga dare zuwa safiya. Yaudararta a nan take: mai tsaye a gaɓa zai ga ruwa kwance lumui, domin iskar ba ta sami filin tayar da shi ba tukuna. Kilomita goma a ciki labarin ya canza, kuma jirgin da injinsa ya mutu ba gida za ta kai shi ba.

Ta ƙarshe ita ce wadda masuntan madatsun ruwan Rusairis da Jabal Auliya suka fi sani, habub, wato guguwar ƙura, da iskar gaban hadari. Iska ce mai sanyi da ke zubowa daga cikin gajimaren tsawa, ta daki ƙasa ta bazu. Cikin 'yan mintuna take isowa, sau da yawa ba ta cika awa guda ba ta wuce.

Masu hasashen yanayi da ugda suke auna iska, kuma ugda ɗaya kilomita 1.852 ce a awa. A ma'aunin Beaufort, wanda wani hafsan ruwan Ingila ya tsara a 1805, mataki na 6 ugda 22 zuwa 27 ne, mataki na 8 kuma 34 zuwa 40. Babban jirgin dakon kaya ko a jikinsa a mataki na 6. Buɗaɗɗen jirgin faiba mai mita 7 kuwa a nan ya fara neman kansa. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ƙarfin bugun iska ba ya tafiya daidai da gudunta: in gudun ya ninka biyu, bugun ninki huɗu yake yi. Wanda ya ce "jiya ma da ugda 15 muka fita" bai faɗi komai a kan ugda 30 ba.

Abin da ke kifar da jirgi

A nan za a yi amfani da kalmar taguwa maimakon igiyar ruwa, don kada ta cakuɗe da igiyar ɗauri, wadda ita ma zancenta na tafe.

Girman taguwa abu uku ne ke yanke shi: ƙarfin iska, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta ratso babu abin da ya tare ta. Amma girma kaɗai ba ya kashewa. Taguwa mai mita uku, in doguwa ce mai kwanciya, jirgi hawa yake yi ya sauka kamar jaki a kan tudu. Mai kisa ita ce wadda ta miƙe tsaye, kanta ya karye ya zubo da farar kumfa. Taguwa kan karye idan tsayinta ya kai kusan kashi ɗaya cikin bakwai na tsawonta, ko kuma idan ta shigo ruwa marar zurfi, inda ƙasa ke riƙe ƙafarta kanta ya ci gaba. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Southampton bayan 1979 sun nuna cewa taguwa mai karyewa, in ta sami jirgi ta haƙarƙari kuma tsayinta ya wuce rabin tsawonsa, za ta kifar da shi komai ingancin ƙirarsa. Waɗancan jirage ne rufaffu masu nauyi a ƙasa. Buɗaɗɗen jirgi ba ya jiran wannan, domin kafin a kai ga kifewa ya cika.

Ruwan da ya shiga ciki shi ne maƙiyi na biyu, kuma ya fi na farko sanɗa. A ɗauki cikin jirgi mai tsawon mita 5 da faɗin mita 1.5. In ruwa ya kwanta a ciki santimita 10 kacal, wato ko idon sawu bai gama rufewa ba, lita 750 ke nan, nauyin buhun sukari goma sha biyar. Buhu dai inda aka ajiye shi yake zama. Ruwa kuwa duk gefen da jirgi ya karkata can yake kwarara gaba ɗaya, ya ƙara danne shi. Ko manyan jirage ba su tsira daga wannan ba. Jirgin fasinja Al-Salam Boccaccio 98, wanda ya nutse tsakanin Duba da Safaga a Fabrairun 2006 da mutum sama da dubu, ruwan da aka yi ta fesawa don kashe gobara ne ya taru a benen motoci ya karkatar da shi.

Lodi shi ke buɗe wa ruwan ƙofa. Jirgin dabbobin da ya nutse a tashar Sawakin a Yunin 2022 tumaki 15,800 aka zuba masa, alhali na 9,000 ne, kuma ko tashar bai bari ba. A ƙaramin jirgi, kwana uku na sa'ar kamu da akwatin ƙanƙara cike suna iya cinye rabin tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Ranar da aka fi samu ita ce ranar da jirgi ya fi rauni.

Na uku shi ne inji. Jirgin da injinsa ya tsaya da kansa yake juya haƙarƙarinsa ga taguwa. A Agustan 2018, a yankin Buhaira na Jihar Kogin Nilu, jirgin da ke kai yara makaranta injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa mai ƙarfi, yara 22 da mace ɗaya suka rasu. A lokacin iska kuwa inji ya fi saurin mutuwa, domin girgiza tana tayar da dattin da ya kwanta a gindin tanki, fantsamar ruwa kuma tana shiga fetur.

Ɗan kogi da ɗan teku

Mai cewa a nufi gaɓa yana da hujja mai ƙarfi. Ƙaramin buɗaɗɗen jirgi ba a ƙera shi don ya jure dare guda cikin iska ba. Fetur na ƙarewa, hannun mai kwasar ruwa na gajiya, taguwa kuma ƙaruwa take yi da kowace awa. A kogi da tafkin madatsa, inda gaɓa take kusa kuma yashi ce ko laka ko ciyawa, wannan ra'ayin shi ne daidai kusan kullum. Sharaɗinsa ɗaya: a nufi gaɓar da iskar ke fitowa daga gare ta in da hali, domin can ruwa yake kwance. Gaɓar da iska ke dukan ta ita ke karɓar taguwar da ta ratso tafkin duka. A Rusairis akwai ƙarin abin lura, domin tun da aka ƙara wa madatsar tsayin mita 10 a 2013 ruwa ya haɗiye filaye da itatuwa, kuma kututturen da ke ƙarƙashi ba ya sallama.

Mai cewa a tsaya a zurfi, gaɓar Bahar Maliya yake gani a idonsa. Gaɓar Sudan a kewaye take da duwatsun murjani, shi'ab, wasu manne da tudu, wasu can ciki kamar Sanganab da ke kimanin kilomita 25 daga gaɓa. Ruwa yakan tashi daga zurfin ɗaruruwan mitoci zuwa iya gwiwa cikin tazarar jifa. A daidai Bur Sudan kuma ruwan teku ba ya cika ya janye sosai kamar na Legas, saboda haka dutsen ba ya fitowa fili, yana nan kwance a ƙarƙashin fatar ruwa. Mafaka ita ce marsa, wato ɗan lungun da ruwa ya shiga cikin tudu, kuma ƙofarta siririya ce tsakanin duwatsu biyu. Da ido ake shiga. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske yashi ne marar zurfi, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne. Launukan nan ba sa karantuwa sai rana tana sama ko tana bayan matuƙi. Mai dawowa gida da yamma kuwa yamma ya fuskanta, rana tana cikin idonsa.

A ɗauki misali. Jirgin faiba ne mai mita 7, inji ɗaya, mutum uku a ciki: rayis, da ɗan ƙanwarsa, da wani sabon shiga da ya taso a bakin Shuɗin Nilu. Marsa tana kilomita 12. Da ruwa kwance, rabin awa ce. Ƙarfe huɗu na yamma iska ta tashi, fararen kawuna suka fara bayyana a kan ruwa, ƙura ta shafe duwatsun da ake saiti da su. Yanzu jirgin ba zai wuce kilomita 8 a awa ba, tafiyar ta koma awa ɗaya da rabi, za a isa ƙofar marsa ido ba ya rabe shuɗi da kore. Yaron zai ce, "Kawu, mu juya tun da sauran haske." Baƙon zai mara masa baya, domin duk abin da ya sani a rayuwarsa yana ce masa tudu ne tsira. Tsohon kuma zai ce, "Ɗana, ƙofar ta riga ta rufe. Ɗauki bokiti ka fara kwasa." Da ƙarfe biyu aka yi wannan magana, yaron ne da gaskiya. Da ƙarfe huɗu, kawun ne.

Wato ra'ayoyin biyu ba kishiyoyi ba ne kamar yadda suke ji a bakin masu gardama. Komawa gida ita ce mafi alheri matuƙar za a isa kafin taguwa ta fara karyewa a ƙofar shiga kuma ido yana gani. In wannan lokacin ya wuce, wurin da ya fi kowane haɗari a tekun duka shi ne mita ɗari biyun ƙarshe. Akwai hanya ta uku da tsofaffin masunta ke bi, wato fakewa a bayan wani shi'ab na cikin teku, ɓangaren da iska ba ta duka. Tana aiki, sai dai in iskar ta juya cikin dare mafakar ta zama tarko.

In an tsaya, me ake yi?

Ƙa'idar ɗaya ce, kada taguwa ta sami haƙarƙari. Yadda za a cim ma hakan ne masana ruwa suka rabu a kai.

Mai inji yakan fuskanci taguwa da goshin jirgi, a ɗan karkace kaɗan, ya ba da wuta yayin hawa, ya sassauta a ƙoli don kada jirgin ya yi tsalle ya faɗa rami. Ba tafiya ake nema ba, riƙe kai ake yi. Matsalarsa fetur. Shi ya sa ake raba mai uku tun daga gida: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi.

In inji ya mutu ko mai ya yi ƙasa, sai birkin ruwa. Wani abu ne ake ɗaurewa da doguwar igiya a goshin jirgi a jefa, ya riƙa jan ruwa, iska ta tura jirgin baya, goshin ya tsaya yana kallon taguwa. Na kanti kamar laima yake. Masunta kan yi nasu da taru da aka dunƙule, ko tsohuwar taya, ko bokiti mai ƙarfi. Igiyar ce sirrin: gajera fizga take yi har ta tsinke ko ta ɓalle maɗauri, doguwa kuwa tana shanye bugun. Inda take gogar bakin jirgi a naɗa mata tsumma, domin a nan take cinyewa.

Wasu kuma gudu suke yi su ba taguwa baya, da wani abu a ɗaure a wutsiya yana rage musu sauri. Masu jiragen shira, wato masu tafiya da ƙyallen da iska ke turawa, na Turai da Amurka sun yarda da wannan ƙwarai, musamman tun da injiniya Donald Jordan ya ƙera doguwar igiya mai ɗauke da ƙananan mazurarai sama da ɗari. Ga rufaffen jirgi dabara ce mai kyau. Jirgin faiba na masunta kuwa allon bayansa a yanke yake don a maƙala inji, nan ne ya fi ko'ina kusa da ruwa. Taguwa ɗaya in ta hau ta nan, ta gama da jirgin da injin a lokaci guda. Wannan na cikin shawarwarin da ake kwasowa daga bidiyon intanet ba tare da an duba irin jirgin da ake magana a kai ba.

Masu shira, sambuk ko faluka, nasu ya fi sauƙin faɗa: a sauke ƙyallen tun ana tunanin ko a sauke. Doguwar sandar da ke ɗauke da shi nauyi ce a sama, kuma iska in ta cika shi mutum biyu ba sa iya janyo shi. Igiyar da ke riƙe da ƙyallen a hannu ake riƙe ta lokacin hadari, ba a ƙulle ta.

Sauran aikin na kowa ne. A zauna a ƙasan jirgi, a tsakiya. A ɗaure duk abin da zai gangara. A fara kwasar ruwa tun yana kaɗan, bokitin kuma da igiya a jikinsa. In ta kama a zubar da kaya, a zubar, ko da kifin kwana uku ne. Faɗar wannan a tudu ba wuya.

Bayan kifewa

A nan hujjar ta fi karkata gefe guda. A Agustan 1979 iska ta faɗa wa tseren jiragen shira na Fastnet tsakanin Ingila da Ailan. Jirage 303 suka tashi, 'yan tsere 15 suka mutu. Jirage 24 mutanensu suka gudu suka bari, amma 5 ne kawai suka nutse, sauran 19 an same su suna yawo a kan ruwa. Bakwai daga cikin mamatan sun rasu ne bayan sun bar jirginsu sun koma kwalekwalen roba na ceto. Daga nan masu ruwa suka riƙe cewa ba a barin jirgi sai shi ya bar mutum.

Dalilin a fili yake. Jirgi ko a kife ana hango shi daga nesa. Kan mutum a cikin taguwa kuwa kamar ƙwallon goruba yake. Gaɓa kuma kullum ta fi yadda ido ke nuna ta nisa. An ce iya ruwa fid da kai, amma gwanin iyon da ya saba tsallake kogi bai taɓa gwada awa shida cikin ruwan gishiri yana dukan fuskarsa ba.

Sai dai ba kowane jirgi ke zama a sama ba. Na katako yakan yi iyo ko ya cika. Na faiba in ba a cusa masa soso ko an rufe masa aljihun iska ba, nauyin inji yana jan wutsiyarsa ƙasa, wani lokaci ya tafi gaba ɗaya. Maganin wannan ba shi da tsada: jarkoki marasa komai, a rufe su gam, a ɗaure a ƙarƙashin mazauni. Jarka mai lita 20 tana ɗaga nauyin kusan kilo 20 a ruwa, fiye ma da rigar ceto ta gama-gari, wadda ke ɗaga kilo 10 zuwa 15. Masu cewa jarka ta wadatar a nan suke kafa hujja. Abin da suka bari shi ne jarka riƙe ta ake yi, riga kuwa ita ke riƙe mutum, har bayan hannu ya saki ko kai ya bugu.

Ruwan Bahar Maliya da ɗumi, saboda haka sanyi ba ya kashewa da wuri kamar a tekun Turai, ko da yake dare guda a ciki yana zuƙe ƙarfin jiki. Ƙishirwa ce babbar barazana. Gishirin tekun ya kai kusan giram 40 a lita, na sauran tekuna kuwa wajen 35, shan sa ƙara ƙishi yake yi. Jarkar ruwan sha da ba a cika ta fal ba tana iyo, in an ɗaure ta da jirgi.

Idon tsoho da allon waya

Wata gardamar ita ce tsakanin masu duba sama da masu duba waya. Manhajoji irin su Windy, da sanarwar hukumar yanayi ta Sudan, da gargaɗin cibiyar yanayi ta Saudiyya mai launin rawaya da ruwan lemo da ja, suna iya faɗin shamal ko azyab kwana biyu ko uku kafin ta iso. Tsoho ba ya iya wannan. Amma iskar gaban hadari ƙarama ce a taswira, takan faɗa tsakanin layukan lissafin kwamfuta, kuma a nan idon da ya san gajimare mai baƙin gindi, da iskar da ta ɗauke ɗif, da sanyin da ya bugo kwatsam, ya fi waya. Yaƙi ya ƙara raunana ɓangaren waya: tashoshin auna yanayi da dama sun daina aiki, kuma a Fabrairun 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a kusan ƙasar duka.

Inda aka haɗa biyun an ga amfani. A Tafkin Biktoriya, wani shiri na Hukumar Yanayi ta Duniya da ya riƙa kai wa masunta hasashe ta rediyo da tutoci a mashigai ya ba da rahoton raguwar mace-mace da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Masu cewa kwana ne ya ƙare, yawancinsu ta'aziyya suke yi, ba musun sababi ba, kuma malaman da ke wa'azin ƙaddara su ne dai ke kawo hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Inda maganar ke zama matsala shi ne idan mai jirgin da ya yi lodi ne ya riga kowa faɗinta.

Wa zai biya?

Ba a fafe gora ranar tafiya, kowa ya yarda. Abin da ba a yarda a kai ba shi ne aljihun da kuɗin zai fito. Ma'aikacin jirgi rabo yake ci daga abin da aka kamo bayan an cire kuɗin mai da ƙanƙara da abinci. Ranar da ba a fita ba babu rabo, bashin mai kanti kuma yana nan. Rayis ɗin da ya juyo da wuri da akwati rabi, iska kuma ba ta zo ba, shi zai sha magana a bakin mai jirgi da abokan aiki. Wanda ya tsaya ya cika akwati ya dawo lafiya gwani ne. Tsarin da kansa yana saka wa mai kasada, har zuwa ranar da bai dawo ba.

Hukumomi sun fi son doka: takardar izinin fita, hana fita ranar iska, tilasta rigar ceto. A gaɓar Saudiyya dakarun tsaron iyaka ne ke ba da izinin fita, kuma suna da lambar gaggawa 994. Masunta ba su ƙi tsaro ba, kukansu shi ne doka in ta zo babu tallafi takan koma tara da cin hanci, a sayi riguna marasa inganci a jibge don idon jami'i. Su ma hukumomin suna da tasu hujjar, cewa neman jirgi ɗaya da ya ɓace ya fi kuɗin rigunan mashigi guda. Rediyon ruwa, wanda tasharsa ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya, da na'urar da ke aika wurin da jirgi yake ta tauraron ɗan'adam, sun fi ƙarfin yawancin masu ƙananan jirage. Wayar hannu kuma in an yi nisa da gaɓa ta zama fitila kawai. Abin da bai ci ko sisi ba shi ne a bar wa wani a gida sunan wurin da za a je da ranar dawowa, kuma jirage biyu su riƙa fita tare.

Ga mai saye a kasuwa, kwana uku na iska yana nufin kifi ya yi tsada. Ga iyalin masunci, kifewar jirgi tana ɗauke mai nema da jarin a rana ɗaya, sau da yawa kuma uba da ɗa da ƙane a jirgi guda suke.

Fasinjan fito shi ne ya fi kowa rashin ta cewa, kuma mata da yara ne suka fi mutuwa, domin su ake zaunarwa a tsakiya cikin kaya, da yawansu ba su iya iyo ba, tobi, wato mayafin da mata ke naɗewa, da jallabiya kuma nannaɗe ƙafa suke yi a ruwa. Duk da haka akwai abin da ido ke iya aunawa tun a mashigi: in bayan an gama lodi tazarar bakin jirgi da ruwa ba ta wuce tafin hannu ba, ko babu bokiti da filafili a ciki, ko ana shirin tashi bayan magariba da hadari a gabas.

Mafi muni shi ne jirgin masu safarar mutane zuwa tsallake. Kakanninmu sun haye wannan ruwan a sambuk daga Sawakin, shi ya sa wasu ke ganin abin kamar gado. Jirgin yau da dare yake tashi, babu fitila, da lodin da ya ninka ƙa'ida, domin kowane kai kuɗi ne. A Yulin 2011 wata kafar labarai ta Sudan ta ba da rahoton mutum 197 da suka halaka bayan jirginsu ya kama wuta a hanyar Saudiyya, uku kaɗai aka ceto. Dokar Saudiyya ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 da tarar riyal miliyan ɗaya ga mai shigo da mutane ta ɓarauniyar hanya. Matuƙin da ya san wannan hukuncin yana jiransa ba zai kira 994 ba, ko da ruwa ya kai wa fasinjojinsa gwiwa.